Shekarar da Na Kwashe Karan Gonarmu

A zamanin da muka taso, gona ba ta yin shiru ko da rani ya tsananta. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, amma idan ka ratsa gonarmu da hantsi sai ka ji tana motsi. Kara na kwance a inda aka sare shi, gara na cinsa ta ƙarƙashi da wata 'yar ƙara siririya kamar ana tankaɗe a maƙwabta. Shanu na tuƙa, belbela na bin sawunsu, buzuzu na mirgina kashin shanu da ƙafafun baya yana neman inda zai binne. Idan ka ture wani tsohon kara da ƙafa sai ka tarar da laima a ƙarƙashinsa, da wani farin zare-zare mai kama da saƙar gizo-gizo, ƙasar wurin baƙa, tana warwarewa a hannu kamar dambu. A 'yan shekarun nan kuwa, duk lokacin da na ratsa gonar nan da rani, ƙarar takalmina kaɗai nake ji. Ƙasar ta yi fari ta ƙame kamar daɓe. Ruwan farko idan ya sauka, ta kanta yake bi ya gangara kwari da gudu. Bayan an ɗauke, ka tona da yatsa ka tarar da busasshiya.

Bayan girbin bara, ɗan ƙanena, wanda ke riƙe da gonar tun rasuwar mahaifinsa, ya same ni a zaure. Ya gaishe ni, ya daɗe yana duban tabarma, sannan ya ce masu tifa sun zo sun duba, sun ce akwai marmara mai kyau a ƙarƙashin gonar, irin jar tsakuwar nan da ake cikon hanya da ita, kuma suna so su haƙa.

"Baffa, abin da na samu bana ba zai kai mu tsakiyar rani ba," in ji shi. "Takin zamani ya fi ƙarfina, ita kuma in ba a zuba mata ba ko ciyawar kirki ba ta yi."

Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san gonar da aka haƙe wa marmara ta tashi daga gona har abada. Sai na roƙe shi ya ba ni damina ɗaya tak in gwada wani abu. Ya ce, "To, Baffa. Damina ɗaya." Ni ne babba a gidan, da na so da na ce a'a a wuce wurin. Amma ba ni da bakin faɗin haka, domin na san wanda ya fara kashe gonar nan, har safiyar da abin ya faru ina tune da ita.

Garinmu na tsakanin Roni da Gwiwa, inda duwatsu ke ƙarewa jigawa ta fara. Mu asalinmu Barebari ne. Kakanninmu daga gabas suka zo, kuma a bakin kakata na tsinci yarensu kafin Hausa ta cinye shi a gidanmu. Fillanci a gona na koye shi. Larabci da Faransancin kasuwa da ɗan Turanci, waɗannan fatauci ne ya ba ni, don na kai fatu kudu na dawo da goro, na kwana a Damagaram da Agadas, na ratsa Chadi har Sudan, na yi shekaru ina zirga-zirga Kumasi. Na ga ƙasa iri-iri, baƙa da ja da mai gishiri, na ga yadda kowace al'umma ke lallaɓa tata. Duk da haka sai da gashina ya yi fari kafin na gane cewa manomi mafi sani da na taɓa haɗuwa da shi, shi ne mutumin da ya haife ni, wanda tafiyarsa mafi nisa ita ce Kano.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Gawo huɗu ne a gonarmu, manya, kuma ko reshe bai yarda a sara ba, don da damina suke zubar da ganye su bar wa gero rana, da rani kuma su yi wa dabbobi inuwa su zubo musu 'ya'ya. Geron gindin gawo ya fi na ko'ina tsawo, wannan ko yaro ya sani. Tsakanin kunyoyin gero yakan jefa wake, kuma wata rana ya tuge guda ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa ya ce, "Wannan abincin geron baɗi ne." Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba, shi ma bai ƙara komai ba. Aikinmu da rani shi ne kwasar juji. Mu cika mangala da toka da kashin awaki da shara, mu kora jaki gona, mu juye tsibi-tsibi, mu dawo, har ƙafafunmu su yi kaushi. Idan muka yi ƙorafi yakan ce ba shi kaɗai yake noma gonar ba, akwai masu aiki a cikin ƙasa, kuma su ma sai sun ci suke aiki. Mu a lokacin mun ɗauka aljannu yake nufi, har ƙanena ya daina zuwa gona shi kaɗai.

Amma babban abin shi ne saukar Jauro. Bafillatani ne dogo, mai shanu farare da jajaye, wanda mahaifinsa ma a gonar kakana yake sauka. Kowace shekara, da an kwashe amfanin gona, sai mu hango ƙura ta taso a burtali daga arewa, mu ji kukan maruƙa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma su biyun nan sun riƙe wasan da gaske. Tun daga bakin gona Jauro zai ɗaga murya.

"Ina Babarbaren nan? Fito ka tari ubangidanka."

"Muryar wa nake ji kamar ta bawana?" Baba zai ce, yana tafe yana gyara riga. "Jauro, har yanzu shanun nan ba su gaji da kallon fuskarka ba?"

"Dubi gonarka yadda ta rame. Kai da za a bar ka da ita shekara biyu, ko ƙaya ba za ta tsiro ba."

"Ka ci karana, ka sha ruwan rijiyata, ka tafi da damin gerona, kuma wai kai ne ubangida."

Daga nan sai su kama hannun juna su yi ta dariya. Ni kuwa Jauro bai taɓa kirana da sunana ba, ɗan bawana yake ce mini, yana ja mini kunne yana koya mini sunayen shanu da Fillanci. Washegari zai zaga gonar da sandarsa, yana caka ta nan da can, yana tsugunawa yana duba. Inda ya ga ƙasa ta gaji, nan shanu za su fara kwana. Bayan kwana uku a matsa gaba, bayan uku a sake matsawa, har a gama da gonar cikin wata guda ko fiye. Shanu su ci ganyen kara, su tattake sauran ya shige ƙasa, su bar kashi da fitsari. Matansa su kawo wa Inna nono da man shanu, ita kuma ta auna musu gero. Babu takarda, babu shaida. In Jauro ya tashi, gara da buzuzu su karɓi aikin, kafin ruwan farko duk sun ja komai ƙasa. Haka na tarar ana yi, kuma na ɗauka haka duniya take a ko'ina.

Tafiyata ta farko mai nisa ce ta sauya mini ido. A Sudan na ga gonakin auduga na Jazira, shimfiɗe har iyakar gani, layi-layi, babu itace ko ɗaya, babu kara ko ɗaya a yashe. Na ga tarakta, na ga farin taki ana zazzage shi daga buhu. Na tsaya a bakin gonar nan na tuna tamu da gawonta da tarkacen kara da kashin shanu, sai kunya ta kama ni kamar wanda aka ga gidansu ba a yi shara ba. Ban tambayi kowa yadda ƙasar can take a ciki ba. Tsabtar kawai na gani.

Da na dawo na tarar Baba na fama da ciwon ƙafa, ko masallaci sai an riƙe shi. Ya miƙa mini gandu a hannu. A shekarun ne takin buhu ya fara shigowa ƙauyuka, kuma a lokacin ne masu turke shanu a Kazaure suka fara neman kara da harawa suna saye. Na lissafa a raina cewa ga abin da ake nema muna barin sa a ƙasa gara na ci. Da aka gama girbi ban yi shawara da kowa ba. Na sa aka tattara karan gonar kaf, aka ɗaure, aka ɗora a kan rassan gawo kafin amalanke ta zo. Abin da ya rage na tarkace na share, na tara, na cinna masa wuta. Na tsaya na dubi gonar, fes, na ji daɗi har cikin raina.

Kwana biyu bayan haka, da safe, Jauro ya iso. Ina gonar. Shanu suka bazu kamar yadda suka saba, suka sa hanci ƙasa, suka shaƙi toka, suka yi ta yawo. Can sai wata tsohuwar saniya ta je gindin gawo ta ɗaga kai tana kallon karan da ke sama, sauran suka bi ta suka tsaya. Jauro ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallonsu. Na je na gaishe shi da Fillanci, ina jiran ya ja mini kunne. Sai ya amsa mini da Hausa.

"Sannu da aiki, Malam. Gona ta sharu."

Na shiga yi masa bayani. Na ce zamani ya sauya, yanzu akwai taki na buhu wanda ɗan kaɗan ya fi kashin garke guda, na ba shi labarin Sudan. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Allah ya sa albarka," ya ce.

"Ba ka shiga ku gaisa da Baba?"

"Zan shiga."

Na bi shi gida. A ƙofar zaure ya cire takalmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya tsuguna nesa da shimfiɗar Baba ya ce, "Ina kwana, Malam. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah. Yau bawa ya koyi ladabi?"

Jauro bai ɗauki wasan ba. Ya ce, "Shanu ba su ci komai ba tun jiya, Malam. Zan ƙarasa da su gaba."

Murmushin Baba ya ɗauke. Ya dube shi, ya dube ni. Jauro ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, ko ruwan da Inna ta aiko bai taɓa ba. Muna zaune muna jin kukan maruƙa yana nisa.

"Me ka yi a gona?" Baba ya tambaye ni.

Na faɗa masa. Ya daɗe yana shafa ƙafarsa mai ciwo.

"Shanun Jauro za su sami kara a wani wuri," ya ce. "Na cikin ƙasa fa, ina za su je?"

"Baba, gara ce fa. Ɓarna kawai take yi."

"To. Gonar tana hannunka."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Jauro kuma bai sake sauka a gonarmu ba.

Da a ce daminar da ta biyo baya ta ba ni kunya, da abin ya zo da sauƙi. Da na je na nemo Jauro na durƙusa, ya zage ni ya zagi Barebari kaf, a yi dariya a koma yadda ake. Amma sai gonar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Na zuba farin taki a kan ƙasar da shanu suka yi shekara da shekaru suna ginawa, gero ya tashi baƙi ƙirin don kore, zangarniya kamar damtse. Muka cika rumbu muka gina wani. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyukan kusa suna kallo, suna tambayata, ni kuwa ina bayani kamar malami. Shekara ta biyu haka, ta uku haka. Kowa ya shiga kwashe kara. Da na sayi garmar shanu, saiwar gawo ta riƙa tare ta, na sa aka sare biyu. Da tarakta ta zo haya, sauran biyun suka bi. Akwai suri babba a kusurwar yamma, na zuba masa magani. Baba ya rasu a cikin shekarun yalwar nan, ana yi mini kirarin ɗan da ya fi ubansa noma. Ban sani ba ko ya ji.

Daga nan na bar wa ƙanena gonar na koma fatauci, shi ya ga saukowar amfaninta da idonsa. Buhun takin da ya isa bara, bana ba ya isa. Ƙasar ta fara haske. Tana, wadda muke tonowa a gindin gawo mu tafi kamun kifi, ta ɓace. Wuta-wuta ta shigo da furenta mai kyan gani, ta kama saiwar gero ta tsotse. Aka kawo maganin feshi na ciyawa, na ƙwari, ana fesawa kowace damina. Ba zan ɗora wa kaina komai da komai ba. Mutane sun yi yawa, an rarraba gonaki gado bayan gado, babu mai iya barin gona ta huta ko shekara ɗaya, ruwan sama ma ya sauya hali, kuma mai iyali da ke sayar da kara ba don wauta yake yi ba. Na ga irin wannan a wajen Maraɗi, na gan shi a arewacin Gana, inda ba su taɓa jin sunana ba. Amma a gonarmu dai, ni na buɗe ƙofar.

A wata tafiya ta ƙarshe-ƙarshe da na yi, motarmu ta lalace a wani ƙauye kusa da Tawa a Nijar. Ina zaune na hangi wani tsoho a kan fako, wurin da ko akuya ba ta tsayawa, yana haƙa 'yan ramuka jere, yana zuba tafin hannu biyu na taki a kowanne. Na je na tambaye shi. Ya ce tassa suke kiran abin. Ramin zai tare ruwa, takin kuma zai kira gara. "Ni ba ni da ƙarfin fasa ƙasar nan," in ji shi. "Gara ce za ta huda mini ita, ruwa ya bi hanyarta ya shiga. Ni dai abinci nake ba ta." Na fara dariya, sai na tuna maganar Baba. Na koma gindin mota na zauna, direba na tambayata ko zazzaɓi ne.

Ana saura 'yan watanni ɗan ƙanena ya zo mini da maganar masu tifa, wata malamar gona, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikata ba, ta tara mu a ƙofar mai gari. Ta ce ƙasa tana da rai. Ta nuna mana hoto a wayarta na wasu halittu da ido ba ya gani, ta ce su ne ke narkar da kara da kashi su mayar abincin shuka, kuma takin buhu shi kaɗai ba ya ciyar da su. Ta ce a bar kara a gona, a bar gawo ya tsiro, a haɗa gero da wake, a nemi takin dabbobi. Tana faɗi da sunaye na Turanci, ni kuwa ina fassara wa kaina ina jin muryar Baba. Da ta gama sai wani tsoho, abokin tasowata, ya nuna ni da sanda.

"'Yata, kin ga Alhajin can? Shi ya koya mana kwashe kara. Ke kuma kin zo ki ce mu mayar. Ku shirya tsakaninku tukuna, sannan ku faɗa mana."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wani kuma ya tambaye ta, in ya bar karan a gona, me tumakinsa za su ci, da me matarsa za ta hura wuta. Ta ce a bar ko da rabi ne. Ya ce rabin ma wani zai bi ya kwashe. 

Don haka da na sami daminata ɗaya, na san abin da nake bukata. Shanu nake bukata su kwana a gonar. Na yi ta tambaya har aka ce mini ɗan Jauro na zuwa kasuwar shanu ta Babura. Na shiga motar haya na je. Na same shi tsoho kamar ni, gemu fari, yana zaune a kan babur ana ciniki da naira da sefa a gefensa. Na faɗa masa ko ni wane ne.

"Gonar gawo huɗu, mai rijiya a gabas?" ya ce. "Ai ni nake ɗaure maruƙa a can. Ashe Barebari ma suna tsufa haka? Na ɗauka sai mai aikin wahala."

Muka koma inuwa. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba. Na ce ya kawo shanunsa ko na kwana ashirin ne, duk abin da ake yi wa mahaifinsa zan yi masa, har da ƙari. Ya saurara yana kaɗa kai.

"Alhaji, ta ina za su bi? Burtalin da ka sani an nome shi. Inda garke ke wucewa a da, yanzu babur biyu ba sa gittawa. Saniya ta sa baki a gonar wani, sai mu kwana a gaban hukuma. Yawancin shanun ma suna kudu da yara, shekara biyu ban gan su ba. 'Yan waɗanda suka rage a gida suke ɗaure, kuma ni ma yanzu manomi ne. Takinsu gonata yake zuwa. Uwargida ko kwando ɗaya ba ta yarda a ba maƙwabci."



"A ce ma na kawo su," ya ce. "Akwai kara a gonar?"

"Babu."

"To ka gani."

Na tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa yin maganar abin da ya faru. Ya ce ko sau ɗaya. Sai dai kowace shekara idan suka iso mararrabar garinmu, tsohon yakan daina magana, ya kaɗa shanu gabas. Kafin in tashi ya ce in ba shi kwana biyu. Ranar da ya faɗa kuwa sai ga buhu biyu na busasshen takin shanu an sauke mini a ƙofar gida, da saƙon cewa kada in bari uwargida ta ji.

Da buhu biyun nan, da abin da na kankaro a garken awakin gidana, na fara. Na ɗauki mutum biyu muka je kusurwar da ta fi ƙamewa, inda fartanya ke tsalle in ka sara. Muka haƙa ramuka kamar yadda na gani a Nijar, muka zuba taki, muka rufe da ƙaiƙayi da karan tsohuwar danga da na rushe a bayan gida. Takin ya ƙare tun ba mu ci wurin da ya fi tsakar gida faɗi ba. Masu wucewa kan tsaya.

"Alhaji, wannan dara da wa za ka buga ta?"

"Da kai, in ka iya."

Kullum da safe sai na je na ɗaga ƙaiƙayin na duba. Mako guda babu komai. Mako biyu babu komai. Na fara tunanin ko mun kashe garar ne gaba ɗaya. A cikin mako na huɗu na tarar da wata 'yar shimfiɗar jar ƙasa ta lulluɓe kara a rami ɗaya. Na fasa da yatsa, ga su farare suna gudu. Na zauna a ƙasa a wurin, da farar rigata, na daɗe ban tashi ba.

Ruwa ya sauka, ramukan suka riƙe shi. Geron wurin ya tsiro ya yi duhu, ya jure ƙarancin ruwan da aka yi a tsakiyar damina, yayin da sauran gonar ta yi rawaya, wuta-wuta ta baibaye ta. Lokacin girbi na kira ɗan ƙanena. Ya shiga cikin geron har ya ɓace mini, ya fito da zangarniya ɗaya yana murza ta. Ya tsuguna ya tona gindin shuka, ya ɗebo ƙasar ya duba.

"Baffa, wallahi gaskiyarka ne. Wurin nan ya farfaɗo."

"To?"

Ya miƙe ya dubi sauran gonar, daga inda muke har bakin rijiyar da ta ƙafe.

"Ɗan wurin nan ya cinye takin gidanka da na Bafillatani. Sauran fa? A ina zan samo? Kuma shekara nawa?"

Da na so da na rage masa. Amma na ce masa gaskiya, cewa ko da garke na kwana a kanta duk rani za a yi shekaru, balle babu. Na ce ni ba zan gani ba, amma shi zai gani.

"Ni zan iya jira, Baffa," ya ce. "Yaran ne ban san me za su ci kafin nan ba."

 Yana da 'ya'ya bakwai. Na yi shekarunsa, na san yadda ake ji idan mace ta leƙa rumbu ta fito ba ta ce komai ba. Na ce masa Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya ce amin, muka yanke geron tare.

Masu tifa sun zo bayan an kwashe amfanin gona. Ɗan ƙanena ya roƙe su su bar mini kusurwata, kuma sun bari. Tana nan tsaye ita kaɗai a gefen ramin, an yanke ta ta ɓangare uku, har kana iya ganin cikinta: baƙa-baƙa a sama kamar faɗin tafin hannu, sai fara, sai ja har ƙasa. Mai tuƙa motar haƙan ya ce mini damina biyu za ta zubar da ita, kuma na san ba ƙarya ya yi ba. Gonar da ta ciyar da gidanmu tun daga kakan kakana yanzu rami ce. Ƙasarta na ƙarƙashin kwalta a wata hanya da ban san inda ta nufa ba, kuma babu wanda zai sake shuka ko ƙwaya ɗaya a wurin.